Ɗakin Ajiyar Giyar Inabi na Gidan Monticello: Nazarin Yadda Aka Tsara Shi

A kan wani ɗan dutse kusa da garin Charlottesville a jihar Virginia ta Amurka akwai gidan da Thomas Jefferson, shugaban ƙasar na uku, ya zana da hannunsa, ya sa masa suna Monticello. An fara share kan dutsen a 1768, aka soma gini a 1769, sannan tsakanin 1796 da 1809 aka rushe wani sashe aka faɗaɗa gidan zuwa siffar da yake da ita a yau. A ƙarƙashin ɗakin cin abinci na wannan gida akwai wani ɗaki wanda girmansa bai wuce na matsakaicin falo ba, an keɓe shi domin ajiyar giyar inabi tun daga zanen farko da mai gidan ya yi. Wannan ɗaki shi ne abin da za a bi daki-daki a nan.

Addinin Musulunci, wanda shi ne na mafi yawan masu karanta Hausa, ya haramta giya, kuma wannan rubutu bai zo domin tallata ta ba. Abin da ya ja hankalina shi ne ginin kansa, wato yadda mutum ya zauna ya tsara ma'ajiya domin kaya mai tsada, mai saurin lalacewa, mai kuma jan idon ɓarawo, a zamanin da babu wutar lantarki balle na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya bi tsarin a hankali zai ga cewa mai gidan bai tsaya ga yaƙi da zafi da sata kaɗai ba, ya kuma yi amfani da bango da katako da igiya wajen raba kansa da mutanen da ke yi masa aiki, kuma a ganina nan ne ainihin labarin ɗakin yake.

Abin da kayan ke buƙata

Giyar inabi ba ta daina sauyawa bayan an rufe bakin kwalba, tana ci gaba da nuna a hankali, kuma zafi ne ke hanzarta wannan nunar har ta zarce ta lalace. Masu wannan sana'a sun daɗe da tsayawa a kan cewa digiri 12 zuwa 14 a ma'aunin Selshiyos ya fi dacewa da doguwar ajiya. Amma abin da ya fi zafin kansa illa shi ne yawan hawa da saukarsa, domin ruwan da ke cikin kwalba yana kumbura idan ya ji ɗumi, ya tsuke idan ya ji sanyi, kuma duk lokacin da hakan ta faru sai ɗan iska ya sulale ta gefen matoshi ya shiga. Iska kuwa ita ce ke mayar da abin tsami. Shi matoshin ana yanko shi ne daga ɓawon wata bishiya da ta fi yawa a Fotugal da Sifaniya, kuma idan ya bushe sai ya tsuke ya saki bakin kwalbar. Shi ya sa ake kwantar da kwalabe maimakon a tsayar da su, domin ruwan ya riƙa jiƙa matoshin ta ciki, ake kuma son laimar ɗakin ta kasance kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari domin kada ya bushe ta waje. Idan laimar ta zarce haka sai fumfuna ya cinye takardar da ke jikin kwalba, akwatunan katako su ruɓe. Hasken rana ma yana ɓata ɗanɗano, musamman a kwalabe masu farin gilashi.

Akwai wani abin da ya faru wanda ya shafi sunan Jefferson, ya kuma nuna illar saɓa waɗannan ƙa'idoji. A watan Disamba na 1985 kamfanin gwanjo na Christie's a Landan ya sayar da wata kwalba mai ɗauke da shekarar 1787 da haruffan Th.J. a kan fam 105,000, bisa da'awar cewa ta Jefferson ce, da'awar da masu bincike na gidan Monticello suka nuna shakku a kanta tun a lokacin. Iyalan Forbes, masu wata mujalla a Amurka, da suka saye ta sun baje ta a ƙarƙashin fitilu domin masu kallo, sai zafin fitilun ya busar da matoshin, ya tsuke ya faɗa ciki.

Yadda buƙatar mai gida ta sauya

Lokacin da Jefferson ya fara zana gidansa yana matashin lauya, abin da attajiran Virginia suka fi sha shi ne giyar tsibirin Madeira, wanda ke ƙarƙashin Fotugal. Wannan nau'i ana ƙara masa barasa mai ƙarfi, kuma zafi ba ya cutar da shi, hasali ma an lura yana ƙara kyau idan ya daɗe a cikin jirgin ruwa mai ratsa yankuna masu zafi, har a wasu biranen kudancin Amurka a ɗakin da ke ƙarƙashin rufi ake ajiye shi. A cikin manyan ganguna ake kawo shi, kowace tana ɗaukar sama da lita 400. Ke nan abin da mai irin wannan kaya ke buƙata shi ne fili da zai ɗauki ganga, da ƙofar da za a iya gangaro ta, da kuma kwado mai ƙarfi.

Zaman da ya yi a Faransa daga 1784 zuwa 1789, inda ya zama jakadan Amurka, shi ne ya sauya lissafin. A ƙarshen watan Fabrairu na 1787 ya bar Paris ya yi tafiyar fiye da wata uku, ya bi ta yankin Burgundy da kwarin kogin Rhône, ya tsallaka arewacin Italiya, ya dawo ta Bordeaux a watan Mayu, yana shiga gonakin inabi yana tambayar manoma da dillalai yana rubuta farashi da irin ƙasa da yadda ake ajiya. Gonaki huɗu da ya rubuta a matsayin na gaba a Bordeaux, wato Margaux da Latour da Haut-Brion da Lafite, su ne kuma aka sa a sahun farko a jerin darajar giyar Bordeaux da aka fitar a hukumance a 1855, shekaru 68 bayan ziyararsa. A 1788 ya bi gaɓar kogin Rhine a Jamus, ya biyo ta yankin Champagne a hanyarsa ta komawa Paris. Ya dawo gida yana mai fifita nau'o'i marasa ƙarfi na Faransa da Italiya, waɗanda ba a ƙara musu barasa ba, kuma su ne ainihin waɗanda zafi da iska ke saurin kashewa. Ɗakin da aka yi tunaninsa domin ganga mai juriya sai ya zama dole ya riƙe ɗaruruwan kwalabe masu rauni.

Wurin da aka sa ɗakin

Jefferson ya ɗauki tsarin gidansa daga littattafan Andrea Palladio, mai zanen gine-gine ɗan Italiya na ƙarni na 16. Maimakon ya warwatsa ɗakin girki da rumbuna da bargar dawaki a tsakar gida kamar yadda maƙwabtansa ke yi, sai ya tura su cikin gangaren dutsen a fukafukai biyu, kudu da arewa, ya rufe samansu da dandamalin shan iska, sannan ya haɗa su da wani dogon lungu da ya ratsa ƙarƙashin gidan daga wannan gefe zuwa wancan. A jikin wannan lungu aka jera ɗakunan ajiya, har da na giyar hatsi da na kayan masarufi da kuma na giyar inabi. Mai ɗauke da kaya zai iya bi daga wannan ƙarshen gida zuwa wancan ba tare da ruwan sama ya taɓa shi ba, ba tare kuma da baƙon da ke sama ya gan shi ba.

Zaɓin ɓangaren arewa shi ne abu mafi muhimmanci da aka yi wa ɗakin ta fuskar sanyi. A ƙasashen da ke can arewa da tsakiyar duniya rana ta kudu take karkata, saboda haka bangon arewa ne ke samun mafi ƙarancin zafinta. Ɗakin cin abincin Monticello yana wannan ɓangaren, kuma an san shi da sanyi har sai da aka ninka gilashin tagarsa domin hunturu. Abin da ya zama wahala ga masu cin abinci a sama shi ne ya zama alheri ga kwalaben da ke ƙasa. Sauran aikin kuma ƙasa ce ke yi, domin idan aka nutsa 'yan mitoci a cikinta, zafinta yana tsayawa kusa da matsakaicin zafin iskar wurin na shekara guda, wanda a yankin Charlottesville bai yi nisa da digiri 13 zuwa 14 ba, alhali da rani zafin rana yana wuce digiri 30, da hunturu kuma ruwa yana daskarewa. Wato yanayin Virginia ya ba mai gidan, kyauta, kusan daidai sanyin da kayansa ke so.

Wannan dabara ba ta bin mutum duk inda ya je, kuma ya kamata mai karatu a ƙasar Hausa ya lura da haka idan yana tunanin ma'ajiyar magani ko irin shuka ko wani abu mai gudun zafi. A Kano matsakaicin zafin shekara ya kai wajen digiri 26, don haka ramin da aka haƙa a can zai rage hawa da saukar zafi tsakanin dare da rana, amma ba zai taɓa sauka zuwa digiri 13 da kansa ba.

Ko a Monticello ma dabarar ba ta cika ba. Ɗakin yana daf da ƙasan gida ne, bai nutsa can ciki ba kamar ramukan farin dutse na birnin Reims a yankin Champagne, waɗanda wasunsu suka kai zurfin mita 30, sanyinsu kuma ba ya motsawa daga wajen digiri 10 zuwa 11 duk shekara. Ɗaki irin na Jefferson dole ya ɗan yi ɗumi a ƙarshen rani ya kuma ƙara sanyi a ƙarshen hunturu. Abin da ya cece shi shi ne sauyin a hankali yake zuwa, cikin makonni, saboda kaurin bango da nauyin ƙasar da ke kewaye da shi, kuma mafi yawan abin da aka ajiye ana shanye shi cikin shekara ɗaya ko biyu. Akwai rumbun ƙanƙara a fiffiken arewa, wanda aka gina a farkon shekarun 1800, ana cika shi da ƙanƙarar kogi da hunturu, amma aikinsa adana nama da man shanu ne da sanyaya abin sha a lokacin da za a kai tebur.

Mai gina irin wannan ɗaki a yau da na'ura yake samun abin da Jefferson ya samu daga ƙasa, kuma matsalolinsa daban ne. Na'urar sanyaya ɗaki ta gama-gari ba a yi ta domin ta sauka zuwa digiri 13 ba, tana kuma tsotse laima har matoshi ya bushe, don haka akwai na'ura ta musamman da ake sakawa, wadda ke buƙatar wurin fitar da iska mai zafi da bututun zubar da ruwa. Ana cika bango da rufi da abin hana zafi ratsawa, a kuma shimfiɗa leda mai hana danshi wucewa a ɓangaren bangon da ke fuskantar ɗumi, domin idan aka sa ta a ɓangaren sanyi gumi zai taru a cikin bango ya ruɓar da shi ba tare da kowa ya gani ba. Ƙofa sai mai roba a gefuna, fitila sai wadda ba ta fitar da zafi, katakon kanta kuma sai wanda ba shi da ƙamshi mai ƙarfi kuma yana jure laima. Akwai kuma batun nauyi, domin cikakkiyar kwalba mai mililita 750 ta wuce kilo ɗaya, ke nan kwalba dubu ta haura tan guda, nauyin da ba kowane benen katako ke iya ɗauka ba. Ɗakin da ke zaune a kan ƙasa kamar na Monticello ba shi da wannan damuwa.

Daga jirgin ruwa zuwa bakin ƙofa

Ba a fahimtar ɗakin sai an bi hanyar da kayan ke bi kafin su iso shi. Jefferson ya koyi darasi a Faransa cewa dillalai suna gauraya mai kyau da marar kyau, don haka ya ɗauki al'adar rubuta wa masu gonaki kai tsaye yana neman a zuba masa a kwalba tun a gona. Haka ya yi a 1790 lokacin da yake sakataren harkokin waje, inda ya yi oda domin kansa da kuma Shugaba George Washington daga gonaki irin su Yquem. Ƙananan jakadun Amurka ne ke tsaya masa wajen biya da lodi, irin su Stephen Cathalan a Marseille da Thomas Appleton a Livorno ta Italiya. Kayan sukan ratsa tekun Atlantika cikin makonni, a sauke su a wata tashar gabashin Amurka, a kai su Richmond, babban birnin Virginia, daga nan a ɗora su a dogayen kwale-kwale su bi kogin James su shiga kogin Rivanna har garin Milton, sannan keken doki ya hau da su dutsen. A kowane mataki akwai haɗari. Zafin rani yana dafa su a cikin jirgi, sanyin hunturu yana fasa kwalabe, shi ya sa lokacin lodi ya zama abin da yake nanatawa a wasiƙunsa. Ya kuma sha kokawa da cewa masu kwale-kwale suna huda ganga su ɗiba su cike gurbin da ruwan kogi, har ya riƙa neman a saka ganga cikin wata gangar.

Abin da ya zo a ganga dole a juye shi a kwalabe a gida, kuma wannan ya mayar da ɗakunan ƙasa wurin aiki. Kwalabar gilashi abu ne mai daraja a wancan zamani, ba a jefar da ita, sai a wanke a busar a sake cikawa, matosai kuma daga Richmond ake yin odarsu. Aiki ne mai neman natsuwa, domin kwalba ɗaya marar tsabta ko matoshi ɗaya da bai zauna daidai ba asara ce. Bayi ne ke yin sa. A farkon 1800 Jefferson ya rubuta daga Philadelphia cewa a sa wata baiwa mai suna Ursula Granger ta zuba barasar tuffa a kwalabe, domin a cewarsa ita kaɗai ce a gidan ta haɗa amana da ƙwarewar yin aikin. Ursula ta rasu a cikin wannan shekarar. Daga baya Peter Hemings, wanda shi ma bawa ne kuma mai dafa abinci, ya koyi dafa giyar hatsi a 1813 ya riƙe wannan ɓangaren.

Ƙofar ɗakin giyar inabi mai kauri ce, an ninka katakonta an kuma ƙarfafa ta da ƙarfe. Makullan ma'ajiyoyi suna hannun 'yar Jefferson, Martha Randolph, da 'ya'yanta mata da ke karɓar aikin bi da bi, da kuma babban baran gidan. Ƙarfin wannan ƙofa yana faɗin wanda ake tsoro. Gidan yana kan dutse, nesa da hanya, ɓarawon waje ba shi ne abin damuwa ba. Mutanen da ke kai da komowa a lungun dare da rana, waɗanda suka haƙa ramin, suka gasa bulo, suka gangaro da gangunan, ba a kuma biyan su ko sisi, su ne aka yi wa ƙofar. Jefferson ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa, kimanin 400 daga cikinsu sun zauna a Monticello.

Akwatin da ke hawa ta jikin murhu

Abin da ya fi shahara a ɗakin shi ne hanyar da kwalba ke fita daga cikinsa. A kowane gefe na murhun ɗumama ɗakin cin abinci, cikin katakon da aka ƙawata murhun da shi, akwai wata siririyar ƙofa wadda idan an rufe ta baƙo ba zai lura da ita ba. A bayanta akwai rami a tsaye wanda ya sauka kai tsaye cikin ɗakin giya. A cikin ramin akwai ɗan akwati daidai zaman kwalba, an ɗaure shi da igiya mai bi ta kan wata ƙaramar ƙafa mai juyawa, ana jan sa sama kamar yadda ake jan guga daga rijiya. Wanda ke ƙasa ya ɗora cikakkiyar kwalba, wanda ke sama ya buɗe 'yar ƙofar ya ɗauka, ya mayar da wadda ta ƙare. Masana tarihi na ganin mai yiwuwa ya samo dabarar ne daga wani gidan shan gahawa da ke Palais-Royal a Paris, inda abin sha ke hawowa daga ƙasa ta cikin ginshiƙin tebur.

Ta fuskar gini, dabara ce mai kyau ƙwarai. Ita ce ta sa aka ɗora ɗakin cin abinci daidai a kan ma'ajiyar, tazarar da kwalba za ta yi ta zama 'yan mitoci kawai. Matattakalar gidan ƙunci gare ta, faɗinta wajen santimita 60 ne kawai, ga ta a miƙe, kuma hawa da kwalabe ta nan yana nufin girgiza su, alhali tsohuwar giya tana da gari da ke kwanciya a gindi wanda ba a son ya tashi. Babbar ƙofar ma'ajiyar ba ta buƙatar a yi ta buɗe ta ana rufewa, don haka sanyin ciki ba ya fita. Kusancin ramin da murhu ma bai zama illa ba, tunda zafi sama yake tashi, wutar kuma a saman ɗakin take.

Amma dalilin da ya fi waɗannan ƙarfi na zaman jama'a ne. A teburin Jefferson giyar hatsi da barasar tuffa ake sha yayin cin abinci, ba a kawo giyar inabi sai an kwashe kwanuka an ɗauke mayafin tebur, kamar yadda ɗan siyasa Daniel Webster ya lura lokacin da ya ziyarce shi a 1824. Wannan shi ne lokacin hira, lokacin da ake zancen siyasa da mutane. Marubuciya Margaret Bayard Smith, wadda ta ci abinci a teburinsa a Washington ta kuma ziyarci Monticello a 1809, ta rubuta cewa Jefferson ya yi imani yawancin rigingimun gida da na jama'a suna tasowa ne daga maganganun tebur da masu hidima ke ji su kai waje a karkace. Saboda haka ya cika ɗakin da abubuwan da za su rage shigar su. Akwai ƙofa mai juyawa da kantoci a jikinta, a ɗora abinci daga waje a juya ta ya shigo. Akwai ƙananan tebura masu hawa-hawa da ake ajiyewa kusa da baƙi domin su ɗiba da kansu. Akwatin murhu shi ne cikon wannan tsari. Baƙo yana ganin mai gida ya buɗe katako ya fito da kwalba mai sanyi, ba ya ganin mutumin da ke tsaye a ƙasa cikin duhu yana jiran alamar a ja igiya. Aikin bai ragu ba ko kaɗan, wurinsa aka sauya, kuma ban ga yadda za a yaba wa hikimar wannan akwati ba tare da an faɗi hakan ba.

Mutumin da ya fi kowa sanin wannan tsari a shekarun bayan Jefferson ya bar mulki shi ne wani bawa mai suna Burwell Colbert, wanda aka haifa a 1783, jikan wata baiwar gidan mai suna Elizabeth Hemings. Ya fara aiki yana yaro a maƙerar ƙusa ta gidan, ya koyi fenti da saka gilashin taga, sannan ya zama babban baran gida mai kula da tebur da ma'ajiyoyi da sauran masu hidima. Shi ne ke tsakanin sama da ƙasa, ya san abin da ya rage a ɗakin da abin da ya kusa ƙarewa, kuma shi ne ya yi jinyar mai gidan a ciwonsa na ajali.

Girman ɗaki da nauyin aljihu

Ko ɗakin ya isa? Ga iyali ɗaya ya isa har da saura, domin Jefferson kansa ba mai yawan sha ba ne, 'yan kofuna kaɗan yake sha bayan abincin rana kamar yadda ya bayyana wa wani likita a wasiƙa a 1819. Amma Monticello bai taɓa zama gidan iyali ɗaya ba. Bayan 1809 baƙi sun yi ta hawa dutsen, na gayyata da na sa-kai, wasu su yi makonni. Lissafin da ya bari ya nuna an sha fiye da kwalba dubu cikin kimanin shekara biyu a farkon shekarun 1820. Da Janar Lafayette na Faransa ya sauka a gidan a watan Nuwamba na 1824 tare da ayarinsa, sai da jar giyar da ke ɗakin ta kusa ƙarewa, mai gidan ya rubuta wa wakilinsa a Richmond yana neman a nemo masa wata da gaggawa. Ma'ajiyar da sabon kayanta ke ɗaukar watanni kafin ya iso tana buƙatar ta riƙe abin shekara guda da rara, kuma a nan ɗakin ya riƙa gazawa, ko da yake ƙarancin kuɗi ya fi ƙarancin fili laifi.

A shekaru takwas na shugabancinsa, daga 1801 zuwa 1809, ya kashe sama da dala 10,000 a kan giyar inabi, a lokacin da albashinsa ke dala 25,000 a shekara kuma daga ciki yake ciyar da baƙin fadar. Da ya koma gida sai ya bar manyan sunayen Bordeaux ya koma nau'o'i masu araha na kudancin Faransa da Italiya. Burinsa na ya cika ɗakin da amfanin gonarsa bai cika ba. Tun 1773 ya bai wa wani ɗan Italiya mai suna Filippo Mazzei fili kusa da gidansa domin noman inabi, sanyin watan Mayu na 1774 ya ƙone shukar, yaƙin neman 'yanci ya biyo baya, kuma duk lokacin da aka sake dasa irin Turai sai cututtuka da ƙwarin ƙasar Amurka su kashe shi.

Jefferson ya rasu ranar 4 ga Yuli, 1826, ana bin sa bashin sama da dala 107,000. Adalci ne a ce giya ba ita ce babban dalili ba, domin ya gaji bashi daga surukinsa John Wayles, ya tsaya wa wani abokinsa lamunin dala 20,000 wanda ya faɗo kansa, ga kuma karyewar tattalin arziki ta 1819, amma ciyar da baƙi ba iyaka yana cikin abin da ya hana ramin bashin cikewa. A wasiyyarsa ya 'yanta mutum biyar, Burwell Colbert na cikinsu, ya kuma bar masa dala 300 domin sayen kayan sana'a, sai dai 'yancin bai haɗa da 'ya'yansa ba. A watan Janairu na 1827 aka yi gwanjon kayan gidan, kuma sanarwar gwanjon ta lissafa bayi 130. An sayar da gidan a 1831, sannan a 1834 wani hafsan sojan ruwa mai suna Uriah Levy ya saye shi, iyalinsa suka riƙe shi har 1923 lokacin da gidauniyar da ke kula da shi a yau ta karɓe shi. Hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987 tare da Jami'ar Virginia. An gyara ɗakin giyar da akwatin murhu a wajen 2010 bisa binciken ginin da takardun mai gidan, kuma masu ziyara a yau suna isa ɗakin ne ta lungun ƙarƙashin gida, inda bayanan da aka kafa ke ambaton sunayen bayin da suka yi aiki a waɗannan ɗakuna da irin aikin da kowannensu ya riƙe.